Da gaske ne litattafan Hindu sun riga masana fiziks sanin yadda halitta take?

Sadiq_Dala:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga malamanmu na kimiyya da waɗanda suka zauna a Indiya. Magana ta yi yawa cewa abin da masana fiziks suke ganowa yau, mabiya addinin Hindu sun rubuta shi tun dubban shekaru. Hujja uku nake yawan ji. Wai a litattafansu yini ɗaya na Brahma, wanda suke ɗauka shi ne mahalicci, shekara biliyan 4.32 ne, masana kuma sun ce shekarun duniyarmu biliyan 4.54, kusan ɗaya ke nan. Sannan cibiyar binciken fiziks ta CERN da ke kusa da Janeba, inda aka gano ƙwayar Higgs a 2012, akwai gunkin Shiva, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautarsu, yana rawa a harabarta. Sai kuma cewa manyan masana fiziks irin su Schrödinger da Oppenheimer daga litattafan Hindu suka ɗebo iliminsu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ko dai gishiri aka ƙara wa magana? Fahimta nake nema.

Abu_Hanan:
Wa alaikumus salam. Ni shawarata a bar wannan zance. Mu da muke da Alƙur'ani, me ya kai mu tonon litattafan masu bautar gumaka?

Malam_Bala_Fiziks:
Abu_Hanan, ka yi haƙuri, yaranmu suna cin karo da wannan magana a waya kullum, gara su ji amsarta a wurinmu. Sadiq, bari in ɗauki ta farko, don lissafi ce, kowa zai iya binta da biro da takarda.

A wurinsu zamani huɗu ne suke juyawa, suna ce musu yuga. Kali yuga, wanda suka ce a cikinsa muke, shekara 432,000 ne. Dwapara ninkinsa biyu, 864,000. Tireta ninki uku, 1,296,000. Satya ninki huɗu, 1,728,000. In ka haɗa huɗun za ka sami 4,320,000, shi ne mahayuga. Mahayuga dubu shi ne kalpa, wato yinin Brahma, biliyan 4.32. To lambar ba ƙirƙira ba ce, tana cikin litattafansu na Purana.

Ga inda gizo yake saƙa. Kalpa tsawon yinin ne dukansa, daga hantsi har faɗuwar rana, kuma ba su ce yinin ya ƙare ba. Sun kasa shi zango 14, suka ce muna zango na 7, abin da ya shuɗe daga yinin wajen shekara biliyan 1.97 ne. Wannan ita ce lambar da ya kamata a ajiye kusa da 4.54, kuma ko rabinta ba ta kai ba. In kuma shekarun halitta baki ɗaya ake nufi, sun ce Brahma yana rayuwa shekara 100 irin nasa, wato tiriliyan 311.04 a namu, kuma ya cinye rabi, tiriliyan 155 da ɗoriya. Masana biliyan 13.8 suka auna. Tazarar ta fi ninki 11,000. Wanda ya shirya hujjar lambobi da yawa ne a gabansa, ya zari wadda ta yi kusa, ya yi shiru da sauran.

Dakta_Hadiza:
Malam Bala, lissafinka daidai ne, amma ina ganin ka tauye musu haƙƙi. A ƙarni na 17 wani babban limamin coci a Ayalan, James Ussher, ya lissafa cewa an halicci duniya shekara 4004 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, kuma Turawa da yawa sun daɗe a kan haka. Ko Lord Kelvin, wanda yake ƙusa ne a fiziks a ƙarni na 19, lissafinsa a miliyoyi ya tsaya. Sai a 1956 Clair Patterson ya auna dalmar da ke cikin duwatsun da suka faɗo daga sama ya sami biliyan 4.55. To mutanen da suke maganar biliyoyi fiye da shekara dubu kafin nan, ko ba su dace da lambar ba, zuciyarsu ta ɗauki girman lokaci a sa'ad da ta wasu ba ta ɗauka ba. Carl Sagan ya faɗi makamancin haka a shirinsa na talabijin a 1980, kuma shi da kansa ya ce dacewa ce kawai. Ni ina ganin wannan ƙarfin tunanin ya cancanci a yaba shi.

ƊanDamagaram:
Wani abu da na karanta a tarihi ya ba ni mamaki. Berossus, wani malamin Babila da ya rubuta tarihin ƙasarsa da Girkanci, ya ce sarakunan da suka yi mulki kafin ɗufana jimillar shekarunsu 432,000. Ita ce lambar Kali yuga ba ragi ba ƙari. In ka duba, 360 sau 1,200 ne. Mutanen da suna son 60 da 360 don suna rabuwa ba saura, shi ya sa har yau awa take minti 60. Lambar daga daɗin lissafi ta fito, ba daga awon dutse ko tauraro ba.

Nura_Chennai:
Yaya Sadiq, maganar gunki gaskiya ce. Gwamnatin Indiya ce ta ba CERN kyautarsa, aka buɗe shi ranar 18 ga Yuni, 2004, tsayinsa mita 2. Indiya ta daɗe tana aiki da cibiyar, a 2017 ma ta zama mamba mai alaƙa. Kyautar ƙasa ce, irin wadda ake ba manyan cibiyoyi, ba wanda yake tambayarsa sakamakon gwaji.

Lokacin da nake karatun haɗa magunguna a jihar Tamil Nadu na ga irinsa da yawa a gidan tarihin gwamnati na Chennai, na tagulla, ƙirar zamanin daular Chola, wajen shekara dubu da ta wuce. Nataraja suke ce masa. Hannu huɗu gare shi. Ɗaya riƙe da ɗan ƙaramin ganga, wai da sautinsa halitta take farawa, ɗaya riƙe da wuta, wai da ita take ƙarewa. Ƙafarsa ɗaya ta danne wani ɗan wada da suke cewa jahilci ne, ga zoben wuta ya kewaye shi. Babban wurin bautarsa yana garin Chidambaram. Abin da suke nufi shi ne ginawa da rushewa ba sa tsayawa, tare suke tafiya.

Bakatsine92:
Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya, wallahi sai yau na san ma'anar wannan gunkin. Mun sha ganinsa a ɗakin rawa a fim, ban taɓa tambaya ba.

Injiniya_Zainab:
Dalilin da ya sa aka haɗa rawar da fiziks shi ne littafin Fritjof Capra na 1975, The Tao of Physics. Har allon da ke jikin gunkin na CERN akwai maganarsa. Capra masanin fiziks ne na gaske, ya ga cewa a cikin na'urorin karo ƙwayoyi suna bayyana suna ɓacewa, makamashi ya zama ƙwaya, ƙwaya ta koma makamashi, sai ya ce ai rawar Shiva ke nan. Hoto ne mai kyau. Amma ga abin da ba a cika faɗa ba: ya jingina hujjarsa sosai da ra'ayin Geoffrey Chew, wanda ya ce babu wata ƙwaya ta asali, kowace daga sauran take samun siffarta. Wannan ya yi kama da cewar Wedanta, wata mazhabar falsafar Hindu, komai abu ɗaya ne. Sai dai a daidai shekarun da littafin ya fito, gwaji yana ta ƙarfafa ra'ayin kwak da Murray Gell-Mann ya kawo a 1964, wato akwai ƙananan ƙwayoyi na asali da aka gina wasu ƙwayoyin da su, musamman bayan gano ƙwayar J/psi a 1974. Masana suka bar hanyar Chew. Fiziks ɗin da aka ce ya dace da Hindu ya tafi, littafin yana nan ana sayarwa.

Sadiq_Dala:
Na gode Anti Zainab. To Schrödinger da Oppenheimer fa?

Injiniya_Zainab:
Sun karanta, wannan ba musu. Schrödinger ɗan Ostiriya ya shiga falsafar Wedanta ta hanyar rubuce-rubucen Schopenhauer, ya kuma yi imani cewa hankalin halittu a asali ɗaya ne, ya rubuta haka a ƙarshen littafinsa na 1944. Amma lissafinsa na 1926 da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1933 daga aikin Louis de Broglie na 1924 ya taso, da tsohon lissafin Hamilton. Ka buɗe takardun, ba aya ko ɗaya a ciki. Oppenheimer ya koyi Sanskirit a Berkeley wurin Arthur Ryder, ya kuma ce wani baiti na littafin Hindu mai suna Bhagavad Gita ya faɗo masa a rai lokacin gwajin bam na farko a New Mexico, 16 ga Yuli, 1945. Bam ɗin kuwa daga fasa ƙwayar yuraniyam ya samo asali, wanda Otto Hahn da Fritz Strassmann suka gani a Balin a Disamba 1938, Lise Meitner da Otto Frisch suka bayyana dalilinsa. Gita ta ba shi kalmomin da zai faɗi tashin hankalinsa, ba ta ba shi lissafi ba.

Dakta_Hadiza:
Zainab, na yarda babu aya a takardar. Amma wa ya san abin da yake shirya zuciyar mutum ta karɓi ra'ayin da kowa yake ganin baƙo ne? Mutumin da ya saba da tunanin cewa rarrabuwar abubuwa a ido ne kawai, ba mamaki ya fi saurin yarda cewa elektron ba ɗan tsakuwa ba ne. Ba a iya auna wannan, amma kuma ba a iya share shi.

Malam_Habu_Zaure:
Assalamu alaikum. Ni ba ɗan boko ba ne sosai, karatun zaure na yi, amma akwai abin da zan ƙara, musamman ga ɗana Abu_Hanan. Magabatanmu ba su ji tsoron wannan bincike ba. Abu Raihan al-Biruni ya shiga Indiya a zamanin Sarki Mahmud na Gazna, ya koyi Sanskirit, ya zauna da malamansu, ya rubuta littafi a kansu wajen shekara ta 1030. Wannan kalpa da yuga da Malam Bala ya lissafa, al-Biruni ya kawo su dalla-dalla. Inda suka yi daidai a ilimin taurari ya yaba, inda suka cakuɗa lissafi da tatsuniya ya faɗa, kuma bai zagi kowa ba. Tun kafin shi, a zamanin Halifa Mansur, an fassara littafin taurarin Indiya a Bagadaza da sunan Sindhind. Lambobin da muke rubutu da su yau Larabawa da kansu lambobin Hindu suke ce musu.

Sannan maganar ƙwayar zarra. An ce wani malaminsu, Kanada, ya ce komai daga ƙananan ƙwayoyi ne da ba sa rabuwa, na ƙasa da ruwa da wuta da iska, suna haɗuwa bibbiyu sannan uku-uku. To mu ma duk wanda ya yi karatun tauhidi a kan tafarkin Ash'ariyya ya san jauharul fard, wato yankin da ba ya karɓar rabo. Su Baƙillani sun yi dogon bayani a kai. Girkawa ma suna da Dimokaritus. Al'umma uku sun kai ga tunani ɗaya ta hanyar hankali: in kana raba abu, ko dai ka tsaya wani wuri ko ba ka tsaya ba. Ba wanda ya auna nauyin komai a cikinsu.

Malam_Bala_Fiziks:
Allah ya gafarta Malam, ka gama magana. Awon nauyin shi John Dalton ya fara a farkon ƙarni na 19. Kuma abin da muke kira atam yau yana rabuwa: Thomson ya ciro elektron a 1897, Rutherford ya gano cibiyarsa a 1911. Ruwa ma da Kanada ya ɗauka asali ne, haɗin haidurojin ne da oksijin. Kama da wane ba ta wane.

Abu_Hanan:
Na ji Malam Habu, kuma na girmama maganarka. Amma ni abin da na sani, faɗaɗar sama da Turawa suke taƙama da ita tana cikin Suratuz Zariyat, naɗe ta kuma yana cikin Suratul Anbiya. In ana neman wanda ya riga kowa, ga shi nan.

Ummu_Safiya:
Ɗan'uwa Abu_Hanan, a nan nake so mu yi hattara. Na yi imani da kowane harafi na Alƙur'ani. Amma laifi tudu ne. Hanyar da muka ƙi yarda Bahinde ya bi, wato a jira masana su gano abu sannan a koma littafi a ce ga shi nan, ita muke bi in muka ga dama. Imam Shaɗibi ya yi gargaɗi a Muwafaƙat kan ɗora wa Alƙur'ani ilimomin da ba don su aka saukar da shi ba. Zainab ta nuna mana abin da ya sami Capra. In ka ɗaure aya da ra'ayin masana na bana, baɗi su canja, me za ka ce wa yaron da ka gina imaninsa a kai?

Akwai labarin da nake so. Wanda ya fara kawo lissafin faɗaɗar sararin samaniya da hujjar awo a 1927, Georges Lemaître, limamin Katolika ne ɗan Beljiyam. A 1951 Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi yana nuna cewa wannan bincike ya gaskata farkon halitta. Lemaître bai ji daɗi ba, ya nemi a daina haɗa su. Mutum mai addini, ra'ayin nasa ne, amma ya ƙi a mai da shi hujjar wa'azi.

Abu_Hanan:
'Yar'uwa, bambancin shi ne namu wahayi ne, nasu ba wahayi ba ne.

Ummu_Safiya:
Haka ne a wurina da wurinka. Shi ya sa ba ya bukatar na'urar hangen nesa ta yi masa shaida.

Garba_Kumasi:
Ku dawo da mu kan tambayar Sadiq don Allah. Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne juyawa. Su sun ce halitta tana tashi, ta rushe, ta sake tashi, ba farko ba ƙarshe. Masana ma ai na ji wasu suna faɗin haka.

Malam_Bala_Fiziks:
Alhaji Garba, wannan ce kamar da ta fi kowace ƙarfi, kuma tana da tarihi. Alexander Friedmann na Rasha ya warware lissafin Einstein a 1922, ya ga ɗaya daga cikin amsoshin ita ce sarari ya faɗaɗa, ya tsuke, ya sake faɗaɗa. Shi da kansa ya rubuta cewa abin ya tuna masa da zagayen rayuwa na tatsuniyar Hindu. Matsalar ta zo a shekarun 1930 daga Richard Tolman. Akwai doka a ilimin zafi cewa yamutsewar abubuwa ƙaruwa take, ba ta raguwa. Tolman ya nuna cewa in haka ne kowane zagaye zai fi na baya tsawo, in ka bi su da baya suna ta gajarta har ka koma ga farko. Wato juyawar ba ta kuɓutar da kai daga mafari ba.

Sai kuma 1998, ƙungiya biyu da suke auna taurari masu fashewa a nesa suka ga faɗaɗar ba raguwa take ba, sauri take ƙarawa. Perlmutter da Schmidt da Riess suka sami Nobel a 2011 a kan haka. In ta ɗore a haka ba tsukewa. Har yanzu akwai masu neman hanyar juyawa, Steinhardt da Turok sun kawo tasu a farkon shekarun 2000, Roger Penrose yana da tasa. Amma Nobel ɗin Penrose na 2020 kan baƙin rami ne, ba kan wannan ba, kuma yawancin masana ba su bi shi a kai ba.

Dakta_Hadiza:
Malam, ka ƙara da cewa sakamakon na'urar DESI ta Arizona a 2024 da 2025 ya nuna alamar ƙarfin da yake tura faɗaɗar yana iya canjawa da lokaci. Alama ce, ba a yanke ba. Ƙofar ba a rufe take ba.

Malam_Bala_Fiziks:
Haka ne Dakta. Amma ki lura da wanda zai rufe ta ko ya buɗe: awo ne. Ko da gobe aka tabbatar da juyawa, tsoffin amsoshin ai biyu ne kawai, ko akwai farko ko babu. Gazali da Ibn Rushd sun yi wannan jayayya kan ko duniya daɗaɗɗiya ce ko fararriya. Dole wani ɓangare ya dace.

Maryam_Maradi:
Ni labarin Sarki Kakudmi ne ya tsaya mini a rai. Yana cikin Bhagawata Purana. Ya ɗauki 'yarsa Rewati ya tafi wurin Brahma neman shawarar wanda zai ba aurenta. Ya tarar ana waƙa, ya ɗan jira. Da ya faɗi sunayen samarin, Brahma ya yi dariya ya ce a ɗan jiran nan mahayuga 27 sun wuce a duniya, su da jikokinsu duk sun shuɗe. Shekara sama da miliyan 116 ke nan. Wannan ba shi ne abin da Einstein ya ce ba, lokaci ba ya tafiya daidai a ko'ina?

Injiniya_Zainab:
Maryam, labarin yana da daɗi, kuma kamar a fili take. Sai dai al'ummu da yawa suna da labarin wanda ya tafi wani wuri ya dawo ya tarar zamani ya shuɗe, Japanawa suna da nasu, mutanen Ayalan suna da nasu. Abin da Einstein ya ƙara shi ne nawa, kuma saboda me. Agogon da ke cikin tauraron GPS yana riga na ƙasa da kashi 38 cikin miliyan na sakan kowace rana: raunin jan ƙasa a can sama yana ƙara masa 45, gudunsa yana rage 7. In ba a gyara ba, taswirar wayarki za ta riƙa kaucewa da wajen kilomita 10 a rana. Injiniyoyi sun san lambar tun kafin a harba tauraron. Wannan ne ba za ki samu a labarin Kakudmi ba.

Bakatsine92:
To maganar gudun haske fa? An ce yana cikin Weda, litattafansu mafi daɗewa.

ƊanDamagaram:
Ba a cikin Weda ba, a sharhin Sayana ne na ƙarni na 14. Ya ce rana tana cin yojana 2,202, wato ma'auninsu na nisa, a rabin ƙiftawar ido. In ka zaɓi yojana mai wajen mil 9, ka zaɓi ƙiftawar da ta dace, sai ka sami kusan kilomita 300,000 a sakan. Amma yojana kamar mudu take, na wannan kasuwa daban da na waccan, litattafansu sun saɓa a kan tsawonta. Kuma tafiyar rana ya ambata. Wanda ya fara nuna cewa haske yana ɗaukar lokaci da hujjar kallo shi ne Ole Rømer a 1676, ta hanyar lura da wani wata na duniyar Mushtari.

Nura_Chennai:
Abin da nake so 'yan'uwa su sani, Hindu ba baki ɗaya suke magana ba. Shankara ya ce hakika ɗaya ce, yawan da muke gani rufin ido ne, maya. Madhwa a ƙarni na 13 ya ce a'a, Ubangiji daban, rai daban, duniya kuma gaskiya ce. Ramanuja yana tsakani. Akwai ma 'yan Charwaka da suka ƙi yarda da lahira gaba ɗaya. Duk abin da fiziks ya gano, za a sami mazhabar da ta yi kama da shi. Kuma Puranar da take da biliyoyin shekaru ita ce ta ce akwai dutsen Meru a tsakiya, da tsibirai bakwai, da tekuna bakwai, har da na madara da na man shanu da na ruwan rake. Ban taɓa jin mai kawo hujja ya kawo wannan shafin ba.

Malamaina Indiyawa, waɗanda wasunsu ba sa fashin zuwa wurin bauta, su suka fi jin haushin irin wannan magana. Akwai littafin da ake cewa ya koyar da ƙera jirgin sama tun zamanin da, Waimanika Shastara. Masana a Cibiyar Kimiyya ta Indiya da ke Bangalor suka bincike shi a 1974, suka nuna a farkon ƙarni na 20 aka rubuta shi, kuma jiragen da ya zana ba za su tashi ba. Duk da haka an sake kawo zancen a babban taron kimiyya na ƙasar a Mumbai a 2015, masanansu da yawa suka yi tir.

Dakta_Hadiza:
Abin da yake ba ni takaici, wannan ƙarin gishirin yana binne abin alfaharinsu na gaske. Aryabhata a 499 ya ce ƙasa ce take juyawa, taurari a tsaye suke, ya ba da misalin wanda yake cikin kwalekwale yana ganin gaɓa tana komawa baya. Ya ce husufi inuwa ce, a lokacin da jama'arsa suke cewa dodon Rahu ne yake haɗiye wata, kamar yadda yaranmu suke kaɗa gwangwani suna cewa rana ta kama wata. Brahmagupta a 628 ya rubuta dokokin lissafi da sifiri da lambobin bashi. Satyendra Nath Bose ya aika wa Einstein takardarsa daga Dhaka a 1924, Einstein ya fassara ta da kansa zuwa Jamusanci, kuma duk ƙwayar da ake kira boson, har ta Higgs ɗin da Sadiq ya ambata, sunansa take ɗauke da shi. Raman ya sami Nobel a 1930. Chandrasekhar yana ɗan shekara 19 a cikin jirgin ruwa zuwa Ingila ya fara lissafin iyakar nauyin tauraron da makamashinsa ya ƙare ya tsuke, wanda ake kira white dwarf, iyakar da aka tsayar a ninki 1.4 na rana. In ana neman sawun Indiya a CERN, a nan yake.

Garba_Kumasi:
Saura guda. Ana cewa a fiziks na kwantam sai mutum ya kalli abu sannan yake samuwa, wai shi ne maya.

Malam_Bala_Fiziks:
Kallo a nan awo ake nufi, kuma na'ura ce take yi. A gwajin tsaga biyu, inda ake harba elektron ta tsaga biyu su bar zane irin na igiyar ruwa a allo, in ka sa abin da zai gane ta wace tsaga elektron ya bi, zanen igiyar yana ɓacewa ko da kowa ya fita daga ɗakin. Akwai 'yan tsiraru irin su Wigner da suka taɓa sa hankalin mutum a ciki, shi ma daga baya ya bari. Gaskiya ne har yau masana ba su haɗu kan ma'anar awon ba, kuma gwajin da ya ba Aspect da Clauser da Zeilinger Nobel a 2022 ya nuna ƙwayoyi biyu masu nisa suna da alaƙar da hankalin yau da kullum ba ya ɗauka. Amma Einstein da mawaƙin nan Tagore sun zauna a gidan Einstein da ke Caputh a Yuli 1930 kan wannan tambaya. Tagore ya ce gaskiya ba ta rabuwa da ɗan Adam, Einstein ya ce tana nan ko babu mu. Haka suka tashi.

Malam_Habu_Zaure:
Akwai wata waƙa a Rigweda, ta 129 a kashi na 10, da wani ɗalibina ya fassara mini. Tana tambayar mene ne kafin samuwa da rashi, ta ƙare da cewa watakila mai kula da sama mafi ɗaukaka ya sani, watakila kuma bai sani ba. Ƙarshen nan ba zan karɓa ba, Allah masani ne ga komai. Amma na ga mai waƙar tambaya yake yi da gaske, bai yi da'awar da masu kare shi suke yi masa yau ba.

Sadiq_Dala:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru. Amma har yanzu zuciyata tana tsakanin Malam Bala da Dakta Hadiza. Malam Habu, littafin al-Biruni ɗin nan ana samunsa?

Malam_Habu_Zaure:
Sunansa Tahƙiƙu ma lil Hind. Ka tambayi masu litattafan Larabci na Kurmi. In Turanci ya fi maka sauƙi, Edward Sachau ya fassara shi a 1888. Ka fara da babukan yuga da kalpa, sai ka zo mu duba lissafin tare da na Malam Bala.

Maryam_Maradi:
Malam Bala, in ka sami sarari ka yi mana bayanin yadda Patterson ya gane shekaru daga dalma. Wannan wurin ne ban gane ba, yaya dutse yake riƙe lissafin lokaci?